Yatsan Darakta

A ofishin da ke ba da takardar shaidar lafiyar gine-gine akwai wata al'ada da ba a rubuta ta ko'ina ba, shi ya sa ba wanda ya taɓa karya ta: babba ba ya taɓa madannan kwamfuta. Babba nuni yake yi. Yakan zo ya tsaya a bayan akawu, ya ɗan sunkuya, ya ɗora yatsa a kan gilashin allon, ya ce, "Nan." Sauran aikin na akawu ne.

Akawun da aka fi tsayawa a bayansa shi ne wanda ake kira Kwafi. Shekararsa ashirin da shida a ofishin, saura wata bakwai ya yi ritaya. Sunan ya bi shi ne tun zamanin keken rubutu, lokacin da ko takardar neman izinin zuwa jana'iza ya buga sai ya ajiye kwafi biyu, ɗaya a aljihun tebur, ɗaya a gida. Abokan aiki na yi masa dariya, shi kuma yana kallonsu kallon da mai lema ke yi wa mutane in hadari ya haɗu.

Da aka mayar da rajistar gine-gine cikin kwamfuta, Kwafi ya shiga damuwa, don abin da ke kan allo ba ya barin sawu. Yanzu ka gan shi, an jima an goge. Wanda ya fitar da shi daga wannan damuwa shi ne mai kula da kwamfutocin ofis, wani ƙaton mutum mai sanyin jiki da ake ce wa Injiniya, ko da yake ba wanda ya taɓa ganin takardar da ta ba shi sunan.

"Ga wata 'yar manhaja nan zan sa maka," in ji Injiniya, yana zaune a kujerar Kwafi har tana kuka. "Ka danna wannan madannin, duk abin da ke kan allo ta ɗauke shi hoto, ta ba shi lamba, ta adana. In kana son kallo, ita ce dai za ta buɗe maka su ɗaya bayan ɗaya. Kyauta ce, ko sisi."

"Kyauta? To shi mai ita me zai ci?"

"Addu'arka."

Manhajar ta yi tambayoyi huɗu kafin ta zauna. Injiniya ya danna amincewa sau huɗu, bai karanta ko ɗaya ba.

"A ina za ta riƙa ajiye hotunan?" Kwafi ya tambaya.

"Inda ake ajiye komai. Kai dai danna kawai, dattijo."

Abin da ake yi a teburin Kwafi ba wani abu ne mai wuyar fahimta ba. Doka ta ce duk shekara masu duba gini su je su ga kowane bene da jama'a ke shiga. Masu duba gini su uku ne, motar ofis ɗaya ce, ita ma ta fi zama a kan duwatsu fiye da kan taya. Don haka gine-ginen ba sa ganin kowa. Amma mai gini yakan zo ya ga Darakta, su rufe ƙofa, su gaisa sosai. Bayan ya tafi sai Darakta ya fito, ya tsaya a bayan Kwafi, ya ɗora yatsa a gurbin ranar dubawa.

"Nan. Watan jiya."

Kwafi ya danna madanninsa, hoto ɗaya: tsohon kwanan wata. Ya gyara. Ya sake dannawa, hoto na biyu: sabon kwanan wata. Manhajar tana da wata 'yar ƙara, ƙyas, kamar ta kyamara, amma tun ranar farko ya kashe mata murya. Shekara huɗu ana haka. Hotuna ɗari takwas da sha biyu, bi da bi, kowane gini da kafin da bayansa. Kwafi yakan buɗe su wani lokaci in ofis ya yi shiru, ya yi ta wucewa yana jin daɗi, kamar manomi a bakin rumbu. Gani ya kori ji. Ranar da abin zai fashe, kowa zai zo da bakinsa, shi zai zo da hoto.

Ranar Laraba da hantsi abin ya fashe. Barandar wani bene mai shaguna a ƙasa da makarantar koyon ɗinki a sama ta rufto kan titi. Mutum uku suna asibiti, ɗaya daga cikinsu, wata ɗalibar ɗinki, likitoci ba su ce komai a kanta ba, wanda shi ma magana ne. A rajista kuwa an duba ginin wata biyar da suka wuce, lafiyarsa ƙalau.

Ranar Alhamis takarda ta iso daga sama: kwamitin bincike zai zo Litinin. Duk wanda ya yi aikin ofis ya san kwamiti ba gaskiya yake zuwa nema ba, don gaskiya tana da yawa, ba ta shiga rahoto. Mutum ɗaya yake zuwa nema, wanda za a kora, a hana shi haƙƙin ritayarsa, in abin ya yi muni a miƙa shi ga 'yan sanda. Ofis ya koma kamar gidan makoki. Masu duba gini suka tuna suna da ciwon baya. Kwafi kaɗai ne ya ci abincinsa na rana har ya suɗe hannu. Ranar Juma'a ya kwashe hotunansa a filashi, 'yar ma'ajiyar nan da ake soka wa kwamfuta, ya sa a aljihun gaba, ya tafi gida.

Matarsa malamar firamare ce da ta yi ritaya. Shekara talatin tana duba takardun jarrabawa, don haka idonta ya saba neman abin da babu a cikin amsa. Ranar Asabar bayan azahar Kwafi ya ɗora tsohuwar kwamfutar 'yarsu a kan teburin falo, ya ture kwandon zaren saƙa gefe, ya kira ta.

"Malama, zo ki ga abin da ake kira rigakafi."

Ta sa tabarau, ta zauna. Ya buɗe hoton ginin da ya rufta.

"Kin ga nan? Shekara huɗu rabon da a duba shi. Yanzu kalli na biyu. Wata biyar. An canza."

"Na gani. Wannan sunan wa ne a sama, a kusurwa?"

"Nawa. Da kalmar sirrina ake shiga rajistar."

"Wannan agogon na ƙasa fa?"

"Ranar da aka yi abin ke nan, da lokacin. Har minti. Kin ga ba mai musu."

"Aka yi," in ji ta. "Baban 'yan biyu, a aji in yaro ya ce mini an fasa taga, nakan ce masa wa ya fasa. Wuce gaba."

Ya wuce. Wani gini, kafin da baya. Wani kuma. Ta yi ta kallo har suka ci hoto wajen arba'in, sannan ta zare tabarau ta riƙe shi a cinya.

"To ina Daraktan?"

"Yana bayana mana. A tsaye."

"A bayanka. Ita kuma wannan abar taka gabanka take kallo."

A waje wani mai gyaran takalma yana wucewa yana buga akwatinsa, ƙwas, ƙwas, har ya yi nisa.

"Shekara huɗu," ta ce a hankali, "kana tara wa kanka shaida kamar mai tara kayan ɗaki. Ni da a ce ni ce alƙalin, ko zama ba sai na yi ba."

"Ai kowa ya san shi ke ba da umarni."

"Kowa ɗin zai zo Litinin?"

Kwafi ya zuba wa allon ido, a nan ne ya lura da wani ɗan tabon maiƙo a gefen gilashin, inda jikarsu ta taɓa da hannu. Sai ya matso da fuskarsa kusa da tabon.

Darakta mutum ne mai son man shafawa, wani mai ƙamshi da ke riga shi shiga ɗaki. Duk sanda ya ce "Nan" sai yatsansa ya bar tabo a gilashi. Kuma tun ranar da mai shara ta taɓa fizge wayar kwamfutar da tsintsiya, Kwafi ya kafa mata doka: ta share ƙasa, ta goge tebur, amma kada ta kusanci allonsa. Shi kuwa bai taɓa gogewa ba, don Kwafi ba ya goge komai. Ke nan yatsan Darakta na shekara huɗu yana nan kwance a kan gilashin, a daidai layin kwanan wata.

"Akwai shi," ya ce. "Malama, akwai shi. Yana kan gilashi."

Ta dube shi irin duban da take yi wa yaron da ya zo da amsa bayan an karɓe takarda.

"Allah ya sa," in ji ta, ta jawo kwandon zarenta.

Ranar Litinin ya riga kowa zuwa, ban da maigadi. Ya buɗe taga, ya durƙusa a gefen tebur ya kalli allon a karkace, yadda haske zai bugi gilashin. Ga su nan. Tabo kan tabo, sun yi wani dogon layi daga sama har ƙasa a inda gurbin kwanan wata yake zama, wasu har zanen fatar yatsan ana gani. Sauran gilashin ƙura ce kawai.

Ya kunna kwamfutar, ya buɗe rajista, hannunsa ya tafi kan madannin nan da kansa. Hoto na ɗari takwas da sha uku ya fito tas, babu tabo ko ɗaya. Manhajar abin da ke cikin allo take gani, ba ruwanta da abin da ke kansa. Ya kashe allon don tabon ya fito sosai, ya ɗauko wayarsa ya ɗauka. Da ya duba, sai ga wani dattijo a cikin baƙin gilashi, riƙe da waya, ido a waje, da wasu 'yan dabbare-dabbare a goshinsa. Ya goge wannan. Shi ne hoto na farko da ya taɓa gogewa a rayuwarsa.

Ba komai, ya ce a ransa. Kwamiti na da ƙafa. Zai roƙe su su zo su gani da idonsu, in ya so a kira masu gwada yatsa. Ya yagi takarda ya rubuta da manyan baƙaƙe, KADA A TAƁA, ya manna a saman allon.

Ƙarfe takwas da rabi masinja ya leƙo.

"Malam Kwafi, Yallaɓai na kira."

A kan bencin da ke baranda wani mutum yana zaune, da riga mai gajeren hannu da takalmi baƙi mai sheƙi. Ba ma'aikaci ba ne, ba kuma mai gini ba ne, don bai riƙe fayil ba. Kwafi ya gaishe shi. Mutumin ya amsa da kai, ya bi shi da ido har ƙofar Darakta.

"Kwafi! Shigo, shigo. Zauna."

Shekara tara Darakta yana wannan ofis, bai taɓa ce masa ya zauna ba. Kwafi ya ɗosana a bakin kujera. Ƙamshin man nan ya cika ɗakin.

"Ka ji yarinyar nan ta rasu jiya? Ɗalibar ɗinkin."

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ban ji ba, ranka ya daɗe."

"Allah ya jiƙanta. Abin ya girma yanzu, ya wuce hannunmu." Darakta ya juya kofin shayinsa a kan faranti. "Amma ni hankalina kwance yake, kuma kai ne sila. Duk ofishin nan kai kaɗai ne mai tsari. Hotunan nan naka, kai, madalla."

Kwafi ya ɗago kai.

"Waɗanne hotuna, Yallaɓai?"

"Haba dattijo. Ai duk abin da aka ajiye a kwamfutocin nan, babbar kwamfutar da ke ɗakin Injiniya yake tafiya. Shekara biyu ke nan da ya nuna mini. Ya ce ko a cire maka abar? Na ce a'a, a bar bawan Allah, mutum mai kula da aikinsa ba a katse masa hanzari." Ya kurɓi shayi. "Tun ranar Juma'a na aika wa kwamiti. Sun yaba ƙwarai. Sun ce ba su taɓa ganin bincike ya zo musu a jere da lamba ba."

"Ranka ya daɗe, kai ka san yadda aka yi waɗannan gyare-gyaren."

"Ni? Kwafi, ni ko kunna kwamfuta ban iya ba. Tambayi kowa. Ka taɓa ganin hannuna a kan madanni?"

Bai taɓa gani ba. Wannan ita ce gaskiya mafi tsabta da aka faɗa a ginin a wannan makon.

"Je ka shirya, ƙarfe tara za su iso. Af, na sa a ɗan gyara ofis. Baƙi za su zo, kada su same mu cikin ƙazanta."

Kwafi bai tuna yadda ya fito ba. Ya dai san ya wuce mai baƙin takalmi da sauri, abin da bai dace mutum ya yi a gaban irinsu 'yan sandan farin kaya ba. Tun daga ƙofa ya jiyo warin ruwan goge gilashi.

Mai shara, tsohuwar da kowa ke ce wa Inna, tana tsaye a gaban teburinsa da tsumma a hannu, fuskarta cike da fara'a.

"Malam Kwafi, zo ka gani! Kamar madubin amarya. Wallahi dattin nan ya daɗe yana tsone mini ido, kai ne ka hana. Yau Yallaɓai da kansa ya ce in goge, ya ce in fara da naka."

"Inna, takardar da na manna fa?"

"Wannan? Ai ni ba boko na yi ba, ɗan nan. Na cire ta a hankali, ga ta can a ƙarƙashin abin huda takarda. Na san ka da ajiya, ban yar ba."

Ya durƙusa a gefen tebur, ya kalli gilashin a karkace. Inna ta iya aikinta. Har kusurwoyi ta bi.

"Ko akwai inda na bari?" ta tambaya.

"Babu, Inna. Sannu da aiki."

Kwamitin mutum uku ne: shugaba, wani dogon tsoho mai furfura da ba ya ɗaga murya, wata mata mai jaka babba, da sakatare mai rubuta duk abin da aka ce. An so a nuna hotunan a ɗakin taro, sai aka tarar majigin ya lalace tun bara, ko da yake a takardar kayan ofis lafiyarsa ƙalau. Don haka aka ce a je teburin akawun, tunda a can manhajar take.

Suka jeru a bayan kujerar Kwafi. Darakta ya tsaya a bakin ƙofa, hannayensa biyu a baya. Injiniya ya jingina da kabad yana kallon silin. Mai baƙin takalmi ya taso daga bencinsa, ya matso inda zai riƙa ji.

"Bismilla, Malam," in ji shugaban. "Kai ka san kan abar. Buɗe mana na ginin da ya faɗi."

Kwafi ya buɗe. Tsohon kwanan wata. Ya danna, sabo ya fito. Manhajar kyauta ce, amma ba ta da ha'inci: hoton ya fito garau, kowane harafi a tsaye.

"Koma baya. Gaba. Koma baya." Kwanan watan yana ta tsalle tsakanin shekara huɗu da wata biyar. Matar mai jaka ta ja tsaki a hankali.

"Ranka ya daɗe," in ji Kwafi, "umarni aka ba ni."

"To. A rubuce?"

"A'a."

"Da baki, a gaban shaidu?"

"Da yatsa, ranka ya daɗe."

Alƙalamin sakatare ya tsaya. Ya ɗago ya dubi shugaban, ko a rubuta. Shugaban ya gyaɗa kai, aka rubuta.

"Da yatsa," tsohon ya maimaita, ba tare da izgili ba, kamar likita yana maimaita inda majiyyaci ya ce yana masa ciwo. "Yana cikin hotunan?"

"Ba ya fitowa a hoto."

"To mu abin da ya fito shi aka aiko mu mu gani."

Ya dafa bayan kujerar, ya ɗan sunkuya ta kan kafaɗar Kwafi. Shi ma babba ne, bai nufi madannai ba. Ya miƙa dogon yatsansa ya ɗora a kusurwar sama ta gilashin da Inna ta wanke.

"Nan," ya ce. "Sunan wa ne wannan?"

Da ya ɗage yatsan, ya bar ɗan tabo guda ɗaya, zagayayye, a daidai kan sunan. Kwafi yana kallon tabon. Ɗakin ya yi tsit, ana jiran amsa, sai takun baƙin takalmi da ya ƙara matsowa taku ɗaya. Hannun Kwafi kuwa, wanda shekara huɗu ya saba da abin da ake yi in an ce "Nan," ya riga ya sauka a kan madannin.

Manhajar ta ɗauka, ta ba shi lamba ɗari takwas da sha huɗu, ta adana.